Ƙanwar Sarkin Musulmi: abin da na samu a littafin Jean Boyd kan Nana Asma'u

Littafin siriri ne, bai kai shafi 200 ba, amma ga mai karɓar albashi da naira sayensa sai an yi shiri. Sunansa The Caliph's Sister. Wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd ce ta rubuta shi, kamfanin Frank Cass na Landan ya buga shi a 1989. Tarihin rayuwar Nana Asma'u ne, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙanwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Abokan aikina sun yi ta tambayata ko ya cancanci kuɗinsa. Ya cancanta, har da ƙari. Sai dai akwai wurare biyu da bai gamsar da ni ba, ɗaya daga cikinsu kuma ya shafi jinina.

Ni malamar tarihi ce a sakandaren 'yan mata, da yamma kuma ina da aji a Islamiyyar matan aure ta unguwarmu. A duka wuraren biyu sunan Nana Asma'u ba baƙo ba ne. An sa wa makarantu sunanta, an sa wa ɗakunan kwanan ɗalibai mata a jami'o'i, ga 'ya'yanmu masu sunanta birjik a kowane gida. Amma tambayi ɗaliba sunan waƙa ɗaya da Nana ta rubuta, ko sunan mijinta, ko garin da aka haife ta, sai ka ji tsit. Dalilin da ya sa na nemi littafin ke nan. Ina son abin da zan riƙe a hannu in koyar da shi, na gaji da "an ce".

Kwafin da ke hannuna na hannu ne. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya samo shi wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, ya ba wani mai dawowa gida ya kawo mini. Mai bango mai kauri ne, takardar ta fara ja saboda shekaru, amma ɗinkin bai saki ba ko kaɗan. Wanda ya riga ni mallakarsa ya bi wasu jimloli da fensir, a wani shafin ma ya sa alamar tambaya a gefe. Haruffan ƙanana ne, mai sa tabarau irina sai ta matsa bakin taga. Turancin kuwa mai sauƙi ne, ɗalibar ajin ƙarshe da ta iya karatu za ta bi shi ba tare da ta riƙa buɗe ƙamus a kowane layi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, don na sha fama da littattafan jami'a kan jihadi waɗanda kana gama sakin layi sai ka koma farkonsa. Boyd malamar makaranta ce kafin ta zama mai bincike, kuma hannun malami bai ɓuya a rubutunta ba.

Ta zo Najeriya a 1955 a matsayin jami'ar ilimi ta gwamnatin Turawa. Da aka samu mulkin kai a 1960 da yawa daga ire-irenta sun tattara nasu-ya-nasu sun koma gida. Ita ta zauna. Ta yi fiye da shekara 20 a Sakkwato, ta iya Hausa, ta yi aikin bincike a Hukumar Tarihi ta Jihar Sakkwato. A 1978 ita da Alhaji Shehu Shagari, wanda shi ma da koyarwa ya fara, suka fitar da ɗan littafi kan shugabancin Shehu Usmanu, shekara guda kafin ya zama shugaban ƙasa. Kundin digirinta na biyu, wanda ta kammala a Landan a 1982, kan gudummawar Asma'u ga jihadi ne, kuma shi ne tushen wannan littafi. Daga baya ita da Hamzat Maishanu sun rubuta tarihin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya fito a 1991.

Duk wannan bai kai abu ɗaya muhimmanci ba, wato zaman da ta yi gaban Waziri Junaidu a matsayin ɗaliba. Waziri Junaidu, wanda aka haifa a 1906 ya rasu a 1997, ya riƙe wazircin Sakkwato tun 1948, kuma daga tsatson Giɗaɗo da Asma'u ya fito. A gidansa da ke Giɗaɗawa takardun kakarsa suke, cikin gafaka, wato jakar fata ta ajiye littattafai. Shi ya yarda da wannan baƙuwa, ya ba ta su ta duba. Wanda ya san yadda gidajen malamai ke riƙon takardun gado zai gane ba a samun irin wannan yarda a ziyarar mako biyu da wasiƙar gabatarwa daga jami'a. Sai an daɗe ana ganin mutum, an ga zamansa da tashinsa.

Wanda bai taɓa riƙe irin waɗannan takardu ba, da wuya ya gane nauyin aikin. Warwara suke, babu ɗinki, babu lambar shafi. A ƙasan kowane shafi marubuci kan sa kalmar farko ta shafin da ke biye, da ita kaɗai ake gane wanda ke bin wani. Ga harshe uku, Larabci da Fulatanci da Hausa, biyun ƙarshe cikin ajami. Fulatancin ma na malaman ƙarni na 19 ne, wanda ba kowane Bafulatanin yau ne zai warware shi ba. Malaman Sakkwato ne suka riƙa mayar mata da shi Hausa, ita kuma ta kai shi Turanci. Asma'u ba ta bar littafin tarihin kanta ba. Abin da ta bari rubuce-rubuce ne kimanin 60, mafi yawansu waƙoƙi. Amma kamar sauran malaman zamaninta takan rufe waƙa da ramzi, kalmar da in aka lissafa haruffanta za su ba da shekarar Hijira da aka gama waƙar. Da wannan Boyd ta jera waƙoƙin bi da bi, ta ajiye kowace kusa da abin da ke faruwa a Sakkwato a shekarar da aka yi ta. Wannan ce gwanintar littafin baki ɗaya. Sai ka ga waƙar da kake ɗauka wa'azi ne kawai ashe an yi ta ne lokacin da abokan gaba suka taso, wata kuma bayan mutuwar da ta girgiza gidan. Rayuwar matar ta fito daga cikin baitocinta, ba daga zaton marubuciya ba.

An haifi Asma'u a Ɗegel a 1793, 'yan biyu ne ita da Hassan, mahaifiyarsu Maimuna. Shehu bai bi al'ada ya sa mata Usaina ba, ya sa mata sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a farkon 1804. Daga nan sai yaƙin Tafkin Kwatto, sai na Tsuntsuwa inda jama'a suka yi asarar mahaddata Alƙur'ani masu yawa, sai yunwa da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, har aka zauna Gwandu, har Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Duk na san waɗannan daga littafin Murray Last na 1967 da na Mervyn Hiskett na 1973, ina kuma koyar da su duk shekara. Amma su daga fagen daga da majalisar sarki suke kallon al'amarin. Boyd ta tsaya ne a cikin gida, inda yarinya ke tashi tana ganin ana ɗora littattafai a kan dabbobi duk lokacin da aka ce a tashi, tana ganin mata na zama gwagware, tana karatu a tsakanin wannan duka. Da na karanta wannan ɓangare na sake tsara darasina na hijira, na daina fara shi da sunayen jarumai.

Shehu ya rasu a 1817. Rubutunta na farko da aka san shekararsa, Tanbihul Gafilina, na 1820 ne, tana da shekara 27. Abin da ya fi burge ni a wannan zango shi ne zumuncin ilimi tsakaninta da yayanta Bello, wanda ya girme ta da shekara 12 kuma ba uwarsu ɗaya ba. A 1822, lokacin da Gobirawa da Abzinawa suka haɗa kai suka matsa wa Sakkwato, Bello ya yi waƙa wadda haruffan farkon baitocinta ke haɗa ayar nan ta Suratu Alam Nashraha mai cewa lallai tare da tsanani akwai sauƙi, ita kuma ta mayar masa da tata a kan wannan tsari. Daga baya ya rubuta Kitabun Nasiha kan salihan mata, ita ta mayar da shi waƙa, wadda a Hausa ake kira Tawassuli ga Mata Masu Albarka, ta lissafa matan Annabi da 'ya'yansa da mata sufaye na ƙasashen Larabawa, sannan ta haɗa da matan gidansu. Ta kuma yi gajeriyar waƙa da ta tattara sunayen surori 114, da Fulatanci a 1829, da Hausa a 1838, don macen da ba ta kai ga sauka ba ta samu abin riƙewa. Bayan rasuwar Bello a Wurno a 1837, ita da mijinta suka duƙufa rubuta tarihin Shehu da na Bello, shi a zube da Larabci, ita a waƙe. Daga nan Filitago ta fito, wadda ƙanenta Isa ya mayar Hausa aka san ta da Waƙar Gewaye.

Inda littafin ya fi ƙarfi shi ne batun 'Yan Taru. Asma'u tana cikin kulle, matan ƙauye kuma ba su da hanyar zuwa makaranta. Sai ta naɗa dattijan mata amintattu a matsayin jajoji, kowace ta riƙa jagorantar matan garinsu zuwa wurinta, ta karɓi karatu a waƙe, ta koma ta koyar. Ba matan da ke tsakiyar aure da goyo ke tafiyar ba, tsofaffi ne da 'yan mata ƙanana, don kada gida ya lalace ko a samu abin faɗa. Sukan zo da sadaka, hatsi da zuma da man shanu da zane, ita kuma ta raba wa mabukata. Alamar jaji ita ce malfa, wadda Asma'u ke naɗa wa jan rawani da hannunta. Boyd ta nuna cewa malfa a da alamar Innar Gobir ce, shugabar masu bori, kuma da gangan Asma'u ta ɗauki abin da mata suka saba girmamawa ta ɗora shi a kan malama. Haka ma Tabshirul Ikhwan na 1839, wanda ya tattara hadisai kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani, ya zo wa macen da ciwon ɗa ko wahalar naƙuda kan kai ta wurin 'yan bori da wata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Na gamsu da wannan bayani, don ya yi daidai da abin da duk mai koyar da manyan mata ta sani: ba ka raba mace da abin da ta dogara da shi sai ka ba ta madadinsa.

Ranar da na kawo wannan batu a ajin yamma, ina cikin bayanin malfa sai wata dattijuwa da ke zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

"Malama, ai wagga malfa na gan ta da idona. Jajin garinmu ita ka sa ta in za su Hubbare."

Na ce, "Inna, kin taɓa bin su?"

Ta ce tana ƙarama an taɓa tafiya da ita can Hubbaren, wato makwancin Shehu a Sakkwato, da ƙafa, kakarta na riƙe da hannunta, suna tafe suna rera waƙa. Na roƙe ta ta yi mana abin da ta tuna. Ta gyara lulluɓinta, ta runtse ido, ta jawo baiti uku ko huɗu na begen Annabi da wata murya da ba irin ta ɗaliban yanzu ba, sannan ta ce sauran ya ɓace mata. Matan da a kullum sai na ce a yi shiru, ranar babu wadda ta motsa. Littafin da aka buga a Landan ne ya sa na yi tambayar da ta fito da abin da ke zaune a ajina tun tuni. Boyd ma haka ta yi, ba ta tsaya kan takarda ba, ta nemi tsofaffin matan da suka gaji wannan tsari ta saurare su, ta kuma bi sawunsa bayan Asma'u zuwa hannun ƙanwarta Maryam.

Sai marsiyyoyi. Malaman zamanin sun yi wa sarakuna da manyan malamai marsiyya, Asma'u ma ta yi wa Bello da Giɗaɗo da baffanta Abdullahi. Amma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, wadda ba ta da sarauta kuma ba a san ta da wani littafi ba, ta yabe ta da kirki da haƙuri da riƙon zumunci. Ta yi wa jajinta Hauwa'u, ta tuna yadda take kan hanya rani da damina da hunturu tana kawo mata ɗalibai. Da aminiyarta A'isha, matar Bello, ta rasu a 1855, ta yi mata kuka da Larabci irin kukan da ba ya ɓoyuwa, har ta kare kanta da cewa marsiyya ba laifi ba ce tunda an yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Boyd ta gane cewa a nan ne ake jin muryar matar kanta, ba muryar 'yar Shehu mai wa'azi ba, kuma ta ba waɗannan waƙoƙi haƙƙinsu. Abin da Asma'u ke yabo a mamaci shi ne abin da take so masu rai su zama, ko a kan Bello ma ba yawan garuruwan da ya ci ta tsaya ba, halinsa ta bi. Na karanta wa matan ajina ma'anar marsiyyar Halima, wata ta ce ashe ana rubuta irinmu a littafi.

To, ga inda muka rabu da marubuciyar. Mahaifiyata Bagobira ce, daga wajen Sabon Birni, da tsagarta a fuska. A gidan kakannina faɗuwar Alƙalawa ba labarin nasara ba ne, haka ma yaƙin Gawakuke a 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali, abin da ya sa wasu suka haura arewa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Asma'u ta yi waƙar murnar Gawakuke, ta yi addu'o'i masu zafi kan abokan gaban Sakkwato, kuma ba na ganin laifinta, 'yar gidanta ce a zamanin yaƙi. Amma matan da aka kamo a waɗannan yaƙe-yaƙe, aka rarraba su gidaje a matsayin bayi da ƙwaraƙwarai, su ne da yawa daga waɗanda aka yi waƙoƙin Hausar dominsu. Boyd ta ambace su, ba ta ɓoye ba. Sai dai kullum daga zauren Waziri take hango su, a matsayin matsalar da Asma'u ta warware da hikima. Ba ta tsaya ta tambayi yadda abin yake ga macen da aka kashe mijinta, aka raba ta da garinsu, sannan aka zaunar da ita ana koya mata waƙa ba. Mai yiwuwa wannan mace ta samu natsuwa a karatun, na yi imani da yawa sun samu, ni kaina jikar waɗanda suka rungumi wannan karatu ce kuma ina gode wa Allah. Amma ciwon yana nan, kuma littafin ya wuce shi da sauri. Takardun da suka rage na masu nasara ne, wannan gaskiya ne. Duk da haka marubuciyar da ta iya neman tsofaffin jajoji ta saurare su za ta iya zuwa Sabon Birni ko Tsibiri ta ji yadda tsofaffin can ke ba da labarin. Yardar da ta buɗe mata gafaka ita ce kuma ta sa alƙalaminta ya yi laushi. Ban ce ta yi ƙarya ba. Ƙaunar gidan da ya karɓe ta ce ta rinjaye ta, kuma mai karatu ya kamata ya san da haka kafin ya fara.

Ƙorafi na biyu ya fi sauƙi. Tarihin mawaƙiya ne, amma waƙar a matsayinta ta waƙa ba ta samu wuri sosai ba. Baitocin da aka kawo an zuba su cikin Turanci don a fahimci ma'ana, kari da amsa-amo sun zube a hanya. Wanda ya taɓa jin makaho na rera Tabbat Haƙiƙa a bakin masallaci, waƙar da Shehu ya yi da Fulatanci, Asma'u ta mayar Hausa, Isa ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara layuka a kowane baiti ya zama mai layi biyar, ya san rabin ƙarfinta a kunne yake. Na so a ce an nuna yadda take sarrafa karin Larabci cikin Hausa, da abin da take ragewa ko ƙarawa idan tana juya waƙa daga wani harshe zuwa wani, tunda mai sauraron Fulatanci a gidan Shehu da mai sauraron Hausa a ƙauye ba abu ɗaya suke buƙata ba. Boyd ta fi kula da abin da waƙa ta yi a cikin jama'a fiye da yadda aka ƙera ta.

Wani ɓangare na wannan giɓi an cike shi daga baya. Boyd ta haɗu da Beverly Mack, Ba'amurkiya malamar Jami'ar Kansas wadda ta yi bincike kan mawaƙa mata a Kano, suka fitar da Collected Works of Nana Asma'u a 1997 a maɗaba'ar Jami'ar Jihar Michigan. Katafaren kundi ne mai fiye da shafi 700, da fassarar Turanci da bayanin kowace waƙa da kuma matanin a harshen da aka rubuta shi. A 2000 suka fitar da One Woman's Jihad a maɗaba'ar Jami'ar Indiyana, wanda aka tsara don ɗaliban jami'a na can, sai Educating Muslim Women a 2013, wanda ya bi labarin har zuwa wasu Musulmi mata baƙar fata a Pittsburgh ta Amurka da suka kafa nasu tsarin da sunan 'Yan Taru. Takardun binciken Boyd suna ajiye a makarantar SOAS ta Landan.

Ta haka sunan Asma'u ya shiga azuzuwan jami'o'in Turai da Amurka, kuma da wuya ka ga rubutu a kanta da Turanci wanda bai jingina da Boyd ba. Wannan karɓuwa ta zo da nata rikici. Wasu masu karatu na can sun ɗauke ta sun sa mata rigar masu fafutukar 'yancin mata irin ta zamaninsu, har wani masani ɗan Najeriya, Chukwuma Azuonye, ya rubuta maƙala a 2006 yana tambayar ko wannan suna ya dace da ita. A ganina bai dace ba. Matar da ta rubuta Gaɗaben Gaskiya da waƙoƙin tsoratarwa kan ranar ƙiyama ba ta nemi mata su yi karatu don su yi gogayya da maza ba, ta nema ne don jahilci na kai mutum wuta, kuma mahaifinta ya riga ya yi tir da malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin duhu suna koyar da na waje. A wannan littafi na 1989 Boyd ta fi mabiyanta taka-tsantsan, ta bar Asma'u cikin Ƙadiriyyarta da zamaninta. A gida kuwa masu bincike irin su Farfesa Sa'adiya Omar ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun ci gaba da aikin da Hausa, kan 'Yan Taru da kan malamai mata na baya irin su Modibbo Kilo, kuma da waɗannan ya kamata a haɗa a karanta.

Ga mai son saye, shawarata ta danganta da abin da kake nema. In labarin rayuwar kake so daga haihuwa zuwa Hubbare, inda aka rufe ta kusa da mahaifinta, wannan ne, kuma na fi son sa a kan na 2000 don ya fi kusa da ƙasa da mutanenta. In waƙoƙin kake so ka koyar ko ka rera, kundin 1997 za ka nema, amma wannan na ɗakin karatu ne, makaranta ko ƙungiya ya kamata ta saya a ajiye kowa ya amfana. A shagunan littattafan da nake zuwa ban taɓa cin karo da ko ɗaya daga cikinsu ba, sai dai kwafin da aka ɗauka da injin hoto, wanda sau da yawa bayanan ƙarshe sun yanke ko sun dushe, alhali a nan ne ake ganin inda marubuciya ta samo kowace magana. Ka nemi na hannu ta wurin wani da ke waje, ya fi sabo sauƙi nesa ba kusa ba. Matan ajina na yamma dai ba za su iya karanta shi ba, sai abin da na juya musu da baki, kuma wannan yana damuna. Maɗaba'un Zariya da Kano da Kaduna su nemi izini su fitar da shi da Hausa cikin farashin da malamar Islamiyya za ta iya, da matanin waƙoƙin a ciki.

Malamai masu shirya tambayoyin jarrabawa su lura da abu ɗaya. A bangon wannan littafi an rubuta shekarun Asma'u 1793 zuwa 1865, amma a kundin 1997 da littafin 2013, waɗanda Boyd ɗin ce dai ke cikin marubutansu, an sa 1864. Ni 1864 nake ba ɗalibaina, ba kuma na rage wa wadda ta rubuta ɗayan maki.